Damanar da 'Yan Matan Baskit Suka Yi Mana Gayya

Bana ruwa ya sauka da wuri, kuma bai yi mana rowa ba. Shuka ɗaya muka yi ta kama. Ciyawa ma ta biyo hatsin kamar tare aka shuka su. Shekaranjiya na tsaya a bakin gonar tudu ina kallon maƙwabcina da famfo goye a baya, yana fesa maganin ciyawa, waƙa na tashi daga salular da ke aljihunsa. Shi kaɗai, ba mai taya shi, ba ya kuma neman mai tayawa. Kafin rana ta take tsaka ya gama abin da a da sai mutum goma sun wuni a kai. Ban ce abin ba kyau ba, gwiwoyina ma sun fi son haka. Amma ina tsaye warin maganin na dukan hancina, sai wata damana ta faɗo mini, shekara goma sha wani abu ke nan, wadda gonar nan ta cika da masu hauya irin waɗanda garinmu bai taɓa gani ba.

Karatun gidanmu duka Barira ce ta kwashe shi, ƙanwata, autar Inna. Ni tun ina ƙaramin aji na bar lakkwal, makarantar boko, na bi awaki. Ita kuwa ta yi kwaleji a Maijirgi, ta yi lise a Tasawa, ta ci bak, jarrabawar gama lise, aka ce sai jami'a a Maradi. Tsawon gidan ma ita ta kwashe. Tun ba ta isa azumi ba take sunkuyawa in za ta shiga ɗakin Inna. In mata sun jero daga rijiya, tulunta ake fara hangowa.

Tsawon nan ne ya ja mata. Wata 'yar Mayahi mai suna Sa'ade ta tare ta a wurin cin abincin ɗalibai, ta dube ta daga ƙafa har kai, ta ce, "Ke, wannan tsawon haka za ki bar shi ya lalace?" Sa'ade ce ta tara 'yan matan farko na baskit a jami'ar, ƙwallon kwando ke nan. Kafin ita mata ba su da ekip, wato ƙungiyar wasa. Fili ɗaya ne na siminti, da safe na maza, da la'asar na maza. Mata sai da rana tsaka, lokacin da simintin zai iya gasa gujiya. Ƙwallon ma aro suke yi.

Shekararsu ta farko ba su ci kowa ba. Har 'yan lise, yara ƙanana, sun lallasa su a gaban jama'a. Shekara ta biyu suka ci wasa ɗaya, shi ma don motar abokan karawar ta lalace a hanya ba su iso ba. Da Barira ta ba mu labarin a tsakar gida, Inna ta ce, "To ai kun ci. Allah ya ƙara lalata motoci." Ni kuwa na tambaye ta yadda ake wasan. Ta ce zobe ne na ƙarfe a sama da raga ba gindi, ka jefa ƙwallo ya faɗo, a sake. Na ce aikin banza ya samu masu yi.

A shekara ta uku abin ya juya. Wani mushe, malamin wasanni, ya ga naci irin nasu ya ɗauke su yana koya musu. Suka rama wa 'yan lise, suka ci 'yan matan gari, suka je Damagaram suka ciyo. Mu duk ba wannan ne a gabanmu ba, don shekarar nan ita ce ta zo mana da yunwa.

Damanar da ta gabace ta, ruwa ya ɗauke hatsi na cikin bununi, bai yi ƙwaya ba. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Da bazara ta kama, na shiga rumbu da tsintsiya na share shi tas, abin da na fito da shi rabinsa ƙasa ce da kashin ɓera. Zafin shekarar ma daban ne. Da hantsi yashi ya fi ƙarfin ƙafa, kaji na kwance baki buɗe, jaki ya ƙi barin inuwar bedi ko ka karya masa sanda. Muka sayar da tumaki, 'yan kasuwa suna yi musu kallon raini don duk ƙashi ne. Inna da matata Hajara suka koma daji. Su sassaɓo ganyen jiga a dafa a matse. Su tsinko anza a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, ɗacin bai gama fita ba a ci haka nan. In an samu garin rogo na Najeriya, a jiƙa da ruwa da ɗan gishiri, ya kumbura a ciki ya yi maka ƙaryar ƙoshi, kafin azahar ka ji kamar ba ka taɓa cin abinci ba tun da aka haife ka.

Samarin gari suka watse. Wasu Agadas, wasu Libiya, wasu Kano da Ikko. Ƙanena Habu yana cikinsu, tun yana kira har salularsa ta daina shiga. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Gandu duka ya dawo kaina.

Muka yi binne, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa, ruwa ya ɗan yayyafa, tsiro ya leƙo, iska ta zo da yashi mai zafi ta ƙone shi. Muka sake, tsutsa ta cinye. Irin shuka ta uku sai da na je Korgom wajen dangin Inna na roƙo. Daga nan sama ta buɗe kamar mai neman gafara. Ruwa yau, ruwa jibi, ƙamshin ƙasa har cikin ɗaki. Hatsi ya fito kyakkyawa, amma harkiya da ƙarangiya suka riga shi tashi. Kafin a ce me, gonar tudu ta zama tabarma kore, hatsin yana ƙarƙashi ya fara yin rawaya. Duk wanda ya taɓa noma ya san abin da wannan ke nufi. In ba a yi noman farko a kan lokaci ba, ciyawa ta shanye ƙarfin ƙasar, ko an nome daga baya kara za a girba. Mu kuma ba mu da wata shekarar yunwa a jikinmu. Wadda muke ciki ta cinye komai.

Hajara na da tsohon ciki, ko sunkuyawa ba ta yi. Inna ta tsufa. Ni kaɗai da hauya, cikina ba komai sai ruwan jiga. In rana ta ɗaga sai in ga duhu-duhu, in dafa ƙota in tsaya har ya wuce. Gayya kuwa ba ta kiruwa. Wa za ka kira, samarin suna ina? In ma sun zo, me za ka ba su su ci?

Kowace shekara Barira na dawowa hutu daidai noman farko, kuma hauyarta ta fi ta maza da yawa, don hannunta na kaiwa inda nawa ba ya kaiwa. A wannan shekarar karatunsu ya ja har cikin damana. Na hau kan tudu inda rezo ke kamawa na kira ta. Ban yi dogon bayani ba. Washegari sai ga ta a bayan kabu-kabu, ta ajiye jaka, ta sha ruwa, ta ɗauki hauya.

Sai da muka yi yini biyu muna turawa sannan ta faɗa mini, ba ta ko ɗago kai ba.

"Yaya, ranar Alhamis zan koma."

"Ki koma ina?"

"Jami'o'in ƙasa duka za su haɗu a Maradi. Bana mu ne masu masauki. Tunda muka fara ba mu taɓa kaiwa nan ba."

"Wasan kwandon nan marar gindi?"

"Shi."

"Su sa wata."

"Ba wata, Yaya. 'Yan Yamai dogaye ne. In ba ni a ƙarƙashin zobe, ko ƙwallo ba za mu taɓa ba."

Na tsaya na nuna mata gonar da ƙotar hauya, daga inda muke har gindin gawon da ke kan iyaka. Abin da muka nome bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Na ce, "Dubi nan da kyau. Abincin Inna ne, da na Hajara, da na abin da ke cikinta, da naki in kin zo hutu. In kin ga ƙarshen gonar nan kafin Alhamis, ki tafi har Makka. In ba ki gani ba, ba inda za ki."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba. Ita ma cikin yunwar nan ta tashi, ta san ban faɗi ƙarya ba. Ta ci gaba da tura hauya kamar da ciyawar take faɗa. Da azahar na hango ta a kan tudu da salula a kunne, ta daɗe. Na ce a raina tana ba su haƙuri ne.

Ranar Litinin da safe, an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, ina wasa bakin hauya a ƙofar gida, sai na ji hayaniya daga hanyar kwalta. Amalanken jaki ne cike da jakunkuna, bayansa 'yan mata tara ko goma suna tafe a ƙasa, da wanduna dogaye an ɗaura zane a kai, da takalman wasa duk sun yi caɓo. Gari ya fito kallo. Ta gabansu gajera ce mai faɗi, muryarta kamar ta mai shela. Ta shiga ta durƙusa ta gaida Inna yadda ya kamata, sannan ta fito ta tsaya a gabana.

"Kai ne Yaya Lawali? Ni ce Sa'ade. An ce ka ce in gona ta ƙare ta tafi."

"Na ce."

"To ina hauyoyi?"

Hauyoyi kam ba su yi wuya ba. Kowane gida akwai na samarin da suka tafi, suna jingine a gindin rumbu sun fara tsatsa. Ina cikin tattarowa na haɗu da taubashina Ɗan Jimo, wanda ɗingishi ya hana shi tafiya ci-rani amma bai hana bakinsa komai ba.

"Lawali, gayyar mata ka kira? Sai ka faɗa mini in aro maka zane wajen matata, kada ka fita daban a cikinsu."

"Aro biyu, kai ma ka ɗaura. Ko ba komai a ga ka taɓa shiga gona."

Na mayar masa na wuce gida. Na ja Inna bayan ɗaki na ce, "Da me za mu ciyar da su?" Sa'ade ta ji mu. Ta ce kada mu damu, sun taho da burodi da garin rogo nasu. Inna ta dube ta kamar ta zage ta.

"Ɗiyata, ban san yadda kuke yi a Mayahi ba. Nan ba a yi wa gidana gayya da guzurin baƙo."

Ta shiga ɗaki ta jawo wani tulu daga ƙarƙashin gado, bakinsa a liƙe da laka. Ni ban ma san da shi ba. Hatsi ne tsaba, ta ɓoye tun kaka don kunun jegon Hajara. Duk anzar da muka ci, yana nan ba ta taɓa shi ba. Ta ajiye a tsakar gida ta dubi Hajara, don nata ne. Hajara na zaune a kan turmi dafe da ƙugu. Ta ce, "A daka, Inna. In gonar ta mutu, kunun kwana nawa zai yi mana?" Bafulatanar da ke sauka da shanu a gonarmu da rani ta ji labari ta aiko da nono. Mata suka tsinko tafasa aka yi kwaɗo.

Muna isa gona sai ga Ɗan Gado makaɗi, tsoho, rataye da gangar noma. Duk damanar ba wanda ya kira shi, don ba a yi gayya ko ɗaya ba. Yau ma ba wanda ya kira shi. Fatar gangar ta saki saboda danshi, ya hura 'yar wuta da kara ya gasa ta, yana bin 'yan matan ɗaya-ɗaya yana tambayar suna da gari. Ashe yawancinsu 'ya'yan manoma ne. Wannan daga Kona, waccan daga wajen Dakwaro, wata daga ƙauyukan Madarunfa. Da suka kama ƙota ka san ba yau suka fara ba.

Suka jeru, kowa da layinta. Ɗan Gado ya saki ganga.

"Barira ta Inna, giginya a tsakar gona! Sa'ade 'yar Mayahi, gajera turmin ƙirya, mai ture ki shi zai faɗi!"

Ban taɓa ganin noma irin wannan ba. Ba su yin shiru kamar maza, kira suke yi wa juna ba tsayawa. In ɗaya ta fara ja baya, Sa'ade ta daka tsawa, ta gefe ta shigo layinta ta ɗauke mata, ita ta fita ta sha ruwa ta dawo. Layi bai taɓa tsayawa ba. Zafin rana kuwa ko a jikinsu. Wadda ta saba gudu a kan siminti da rana tsaka, yashi mai danshi hutu ne a wurinta.

Ɗaya ce kawai 'yar birni, Nafisa, ɗiyar wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, siririya da tabarau. Ita ma ta dage sai an ba ta hauya. Can da hantsi ta kira ni tana murna.

"Yaya Lawali, zo ka gani! Ciyawar nan mai faɗin ganye duk na kashe ta, ko ɗaya ban bari ba."

Na je na duba. Waken da Inna ta shuka tsakanin hatsi ne, layi guda cur, ta kwantar da shi. Kafin in yi magana, Sa'ade ta zo ta kama hannunta ta juya, tafin duk ya yi bororo.

"Ajiye hauyar nan! Hannun nan da shi za mu ci 'yan Yamai, kin zo kina ɓata shi a kan waken mutane. Je ki ɗauko ruwa."

Ɗan Gado bai bar ta ba. Duk sa'ad da ta gitta da tulu sai ya juya ganga: "Nafisa mai kashe wake!" Tun tana jin kunya har ta koma taka rawa.

Ganga ba ta barin mutum a gida. Matan gari suka zo kallo da goyo, suka tsaya a bakin gona suna dariya. Aka jima wata ta kwance goyo ta ba 'yarta, ta karɓi hauyar wadda ta fita shan ruwa. Kafin azahar layin ya ninka. Tsofaffin da suka ce bayansu ya mutu suka fito. Da la'asar har Ɗan Jimo na gani yana ɗingisa layi, yana cewa ya shigo ne kawai don ya nuna wa yaran yadda ake yi. Da aka sauke fura a gindin gawo, ludayi na zagayawa, na ce wa Sa'ade su yi haƙuri da abin da ya samu. Ta ce, "Yaya, a gidanmu yanzu anza ake ci ba nono. Wannan ai biki ne."

Yini biyu aka yi. Ranar Talata da yamma hauyar ƙarshe ta fita a gindin gawo, har 'yar gamanar Inna, ƙaramar gonarta ta kanta, suka haɗa. Allah kuma ya ba mu rana mai ƙarfi a bayan nan, ciyawar da aka tuge ta bushe a inda ta faɗi. Na tsaya na ga hatsina layi-layi, ƙasa fes a tsakaninsa, iska na kaɗa shi.

Da za su tafi na tara su a ƙofar gida ina godiya, irin wadda mutum ke yi in ba shi da abin bayarwa. Sa'ade ta bari na gama.

"Yaya Lawali, kai ka fi ni sanin gayya. Wanda aka yi wa, in ta masu yi ta tashi, godiya yake aikawa ko zuwa yake?"

"Zuwa yake."

"To tamu ranar Lahadi ce, in Allah ya kai mu wasan ƙarshe."

"Ni ban iya jefa ƙwallo ba."

"Ba jifa muke so ba. 'Yan Yamai da jama'arsu suke zuwa. Mu kuwa samarin jami'armu dariya suke zuwa yi mana. Baki muke so, da ganga."

Ɗan Jimo ya fashe da dariya. "Ta ɗaure ka, taubashi. Da igiyarka kuma."

Suka kai wasan ƙarshen. Barira ta kira ranar Asabar, muryarta ta dushe. Ranar Lahadi da sassafe muka tari kamyon awaki a bakin kwalta, ni da Ɗan Gado da Ɗan Jimo da wasu dattawa uku. Inna ta ce ba a barin ta, hatsinta suka ci, sai ta ga inda ya tafi. Aka sa ta a gaba kusa da direba, mu muna baya da awaki.

Filin cike yake. 'Yan Yamai suka fito da riguna iri ɗaya masu sheƙi, dogaye kamar an zaɓo su a kasuwa, jama'arsu na busa ƙaho. An ce mana tunda aka fara haɗuwar nan su ke ɗauka. Namu suka fito da rigunan da wani tela ya ɗinka, lambar wata ma a karkace. Aka busa usur. Ni ban gane lissafin ba, fuskar ɗalibin da ke kusa da ni nake karantawa, kuma fuskar ba ta yi kyau ba. 'Yan Yamai na jefawa yana shiga. Namu sun daburce, Barira na tsaye ƙarƙashin zobe kamar baƙuwa a gidan biki. Ɗan Gado kuwa ya rungume ganga ya yi tsit. Yawan mutane da masu tabarau sun cinye shi.

Inna ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Kai Ɗan Gado, ganga ka kawo ko matashin kai?"

Ya miƙe. Ya gyara rataya. Ya saki kiɗan noma, wanda ya yi musu a gonar tudu, ba sauyi.

"Barira ta Inna, giginya a tsakar gona!"

Na ga kanta ya ɗago. Ƙwallo ya bugi allo ya dawo, ta miƙa hannu sama da kowa ta tsinke shi kamar mai tsinkar aduwa. Sa'ade ta daka tsawar nan tata, suka fara kiran juna. Alƙalin wasa ya waiwayo ya dube mu, usur a baki, ya rasa dokar da ta hana ganga, ya juya. Barira ta tsinko ta ba Sa'ade, Sa'ade ta kutsa tsakanin dogayen nan ta ƙasa, ta miƙa wa Nafisa a can gefe. Yarinyar nan da tafin hannu naɗe da filasta ta jefa daga nesa, ko zoben bai taɓa ba.

"Nafisa mai kashe wake!"

Ɗaliban da suka zo dariya suka ɗauka. Ba su san wane wake ba ne, amma fili duka ya amsa: "Mai kashe wake! Mai kashe wake!" Ƙahon 'yan Yamai ya nutse a ciki. Ɗan Jimo na tsalle da ƙafa ɗaya da rabi. Can na lura 'yan Yamai sun fara dafa gwiwa suna haki in an tsaya, namu kuwa kamar yanzu aka sauke musu fura. Ni ban san lokacin da na fara ihu ba. Alƙalin ya yi ta busa wa Barira usur a kan abin da ban ga laifinsa ba, na yi ta gaya masa abin da nake gani game da shi da idonsa.

Ya sake wata busa mai tsawo. Na tashi tsaye na nuna shi da yatsa, na ce wannan zalunci ya isa, a fito da shi a sa mai tsoron Allah. Ina cikin faɗa na ji an riƙe mini hannu. Barira ce, jiƙe sharkaf, tana haki tana dariya.

"Yaya, bar bawan Allah. An tashi. Mun ci."

Guɗar Inna ce ta tabbatar mini. Tunda mahaifinmu ya rasu ban ji ta yi guɗa ba.

Daga wannan shekarar ekip ɗin ba ta sake aron ƙwallo ba. Sun hau, sun sauka. Da su Sa'ade suka gama karatu an yi shekarun da ba a jin ɗuriyar ekip ɗin, sannan wasu yara suka taso suka dawo da sunan. Yanzu an ce filinsu daban, da motarsu. Barira na koyar da wasanni a Tasawa, duk yarinyar da ta ga tana sunkuyawa a ƙofar aji sai ta bi ta har gida. Inna da Ɗan Gado sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Gangar tana rataye a zauren 'ya'yansa, fatar ta tsage.

Hajara ta sauka lafiya ana cikin maimai, noma na biyu. Kunun jegonta maƙwabta suka haɗa, kowa da ɗan abin da ya samu. Gonar tudu kuwa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Zangarniya kamar damtsen mutum. Habu ya dawo ana girbi, a rame, ya tarar da aikin ɗauka. Muka cika rumbu har na gyara wani tsoho da ya karkace.

Inna ta sa na ɗaure dami mafi girma, ta ce rabon yaran ne. Na ɗora shi a kamyo har Maradi, na shiga ƙofar jami'a da shi a ka, masu littattafai na kauce mini. 'Yan matan suka gan ni suka saki ihu. Ba turmi a wurin kwanansu, suka aro na matar mai gadi. Nan tsakar gidan ɗalibai aka yi sussuka, aka shiƙe, aka surfa, aka daka, taɓare uku a turmi ɗaya, mutane na leƙowa ta taga. Nafisa aka ba tankaɗe, aka ce ko ta ɓata ba ta kashe komai. Da aka zo damu aka rasa ƙwaryar kirki. Sa'ade ta ce a jira ta. Ta ruga biro, ofishin mushensu, ta dawo rungume da kofin da suka ci, wani ƙato mai hannu biyu. Ta ɗauraye shi, aka dama furar a ciki da nono da sukari, ta durƙusa ta miƙo mini.

"Mai gona shi ke farawa."

Ƙarnin ƙarfe yake yi. Amma hatsina ne, sabo, kuma na daɗe ban sha fura ba tare da tunanin gobe ba. Na kafa kai ban ɗago ba sai da na ga gindinsa.

Sa'ade ta leƙa ciki ta riƙe baki. "Yaya Lawali! Mu fa?"

Na share gemu na ce, "Wannan nawa ne. In kuna so, ku ciyo wani baɗi."

Baɗin kuwa suka ciyo shi.